Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu: Baje Kolin Zane da Sana'ar Hannu a Fili

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kimanin kilomita 50 ne, tafiyar da ba ta cika kai awa ɗaya ba idan motar tasha ta cika da wuri. Na tashi bayan sallar asuba a lokacin bikin kamun kifi, domin da hantsi hanya kan cushe. Masauki kuwa, wanda bai kama tun da wuri ba sai dai ya kwana Birnin Kebbi ya riƙa yin sammako.

Jama'a kogin Matan Fada suke nufa don ganin masunta da gora da koma. Bikin ya samo asali tun 1934, kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Ni abin da ya kai ni shi ne rumfunan masu zanen hoto da dukawa da masu gyaran ƙwarya da magina tukwane, waɗanda ke baje aikinsu a fili da bakin hanya.

Na fara da Gidan Tarihin Kanta a tsakiyar gari. An gina shi a 1831, ya zama fadar sarki har 1942, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1958. Akwai makamai da kayan kiɗa da kayan sarauta, kuma ya cancanci a shiga. Sai dai manomi da ya kawo shinkafa kasuwa da ɗan kabu-kabu ba kasafai suke leƙawa ba. Aikin da aka baje a bakin hanya shi ne ke isa idonsu, su tsaya, su tambaya. Shi ya sa yake damuna in ga kyakkyawan aiki ya lalace saboda rashin iya kafa rumfa.

Iska ce matsala ta farko. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka bayan rumfa ya kamata ya kalli can, a kare shi da zana. Zana na rage ƙarfin iska tana barin kaɗan ta wuce, amma falankin da ake rataya zane a kansa, mai faɗin mita 1.2 da tsawon 2.4, tare iskar yake gaba ɗaya. Idan ramin dirka bai kai santimita 50 zuwa 60 ba, ga ƙasa mai yashi, guguwa ɗaya za ta kifar da shi. A danne gindin da buhun yashi, a ɗaure zanen sama da ƙasa, kada a bar shi yana lilo a ƙusa guda.

Sai rana. A Fabrairu da Maris, lokacin da aka saba yin bikin, ta ɓangaren kudu take bi, wato rumfar da ta juya wa ƙura baya za ta sha ranar yamma a fuska. Masu dabara kan ƙara wa rufin mita ɗaya ta gaba, sannan bayan azahar su saki labule ta yamma. Rufin zana ko na ciyawa ya fi tamfol nesa ba kusa ba. Shuɗin tamfol na sauya launin duk abin da ke ƙarƙashinsa, jar fata ta koma kamar ta dafe, ga zafi da yake tarawa. Zanen fentin ruwa a takarda ba ya jure wannan rana, koɗewa yake yi, kuma gilashin da aka rufe shi da shi ƙyalli kawai yake mayar wa mai kallo. Na fentin mai a kan yadi ya fi dacewa da fili. A rataya shi tsakiyarsa na daidai santimita 150 daga ƙasa.

A rumfar wani dattijo mai ƙwarya na fi daɗewa. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa, ya nuna mini tabarma. Kowace ƙwarya ya ɗora ta a kan gammo cikin inuwa, domin wadda aka zana da wuƙa mai zafi bangonta ya riga ya yi rauni a bin layin zanen, rana na dukanta sai ta tsage daga nan. Ƙura kuma da busasshen burushi mai laushi yake kaɗe ta. Jiƙaƙƙen tsumma cusa ƙurar yake cikin zane, ya ɓata farin allin da aka cike shi da shi. Haka dukawa suke ɓoye jakunkuna da sauran kayan fata daga rana, don fatar da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi bushewa take ta ƙandare. Tukwane dai a ɗan nitsa gindinsu cikin yashi, shi ke nan.

Abu ɗaya da rumfuna da yawa suka rasa shi ne hanyar wucewa. Ƙasa da mita 2 tsakanin layi da layi, da cunkoso ya zo sai an taka kaya. A yayyafa ruwa a ƙasa da safe da kuma bayan azahar, a rubuta sunan mai aiki da garinsa da farashi a ɗan kati da Hausa, da boko da ajami.

Mai son kallo a natse ya zo tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, ko bayan la'asar. Ya riƙe kuɗi a hannu, domin layin waya kan cushe a ranakun biki, tura kuɗi ya gagara. Motocin komawa Birnin Kebbi sun fi samuwa kafin magariba.