Sunan da na bari a allon karramawa

Jiya na miƙa makullin ɗakin jirage, shekara uku kenan cif ina sakataren kulob ɗin tseren kwale-kwale na jami'armu a nan Ingila. Ni da na tashi a Yawuri ina kallon bikin tseren jiragen ruwa na Rigata na zaci na san ruwa, sai da na zo na tarar su nan baya suke ba wa inda za su, mutum takwas na jan filafili wani ɗan ƙarami a ƙarshen jirgi yana musu ihu. To ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba sha.

Bara kwamiti suka ce a yi allon katako a rubuta sunan duk tsohon ɗan kulob da ya taɓa wakiltar ƙasa, a buɗe ranar walimar shekara. Tattara sunaye ya faɗo kaina. Na tambayi shugaban kulob ta ina zan fara, ya ce babu lokaci, in ɗauko jerin waɗanda suka je Olamfik da gasar duniya kawai in gwada da rajistarmu. A baki ya faɗa min muna tsaye bakin ruwa, ban ce ya turo min a rubuce ba, a nan na yi sake.

Abin da ban sani ba lokacin, mata ba su fara tuƙi a Olamfik ba sai 1976 a Kanada, gasar duniya ma da aka fara a 1962 sai 1974 aka saka su. Kafin nan gasar Turai ce babbar gasarsu tun 1954, mita 1000 suke yi maza na yin 2000. Kenan duk macen da ta sa rigar ƙasa kafin 1974 jerina ba zai taɓa kamo ta ba ko sau ɗari zan bi shi, kuma wallahi na bi shi har idona ya yi ja, ina ta jin daɗin ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba.

Ranar walima aka yaye ƙyalle aka tafa. Can sai ga wata tsohuwa ta haura tamanin, jikanta ne ya kawo ta a mota tun daga nesa, ta matso ta sa tabarau tana bin sunayen da yatsa daga sama har ƙasa, ta gama ta sake komawa sama. Ina tsaye kusa da ita sai na ce Mama wa kike nema? Ta ce kaina. Ta yi wa Birtaniya tuƙi a gasar Turai a shekarun 1960, lokacin da 'yan Tarayyar Sobiyet ke kwashe kusan komai. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi, amma dafa min kafaɗa ta yi ta ce ba komai yaro, mun saba. Ban iya cin abincin daren nan ba.

Shi kuwa shugaba da labari ya kai masa, makirufo ya ɗauka ya ba da haƙuri a gaban mutum sama da ɗari, wai sakataren namu ne bai yi bincike yadda ya kamata ba, ya kira sunana ma don kar a yi shakka. Mutumin da ya hana ni shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu don wai ɓata lokaci ne. Na haɗiye, in na musa a wurin sai a ce baƙon nan ba ya karɓar laifi, kuma gaskiya rabin laifin nawa ne, ko tambayar me ya sa babu mace ɗaya kafin 1974 ban yi wa kaina ba.

Sati shida na yi a laburare ina juya littattafan taron kulob masu warin ƙura, ga aikin digirina a ajiye, na tono ƙarin mata uku, biyu sun riga sun rasu.

Sauran abubuwan da na koya ba su da yawa. Duk wanda ya sa ka aiki ka ce ya turo ta imel. Kar ka yarda a ba ka ma'aji. Sannan ka je wurin tsofaffi kafin ka je intanet, da na kira mutum ɗaya cikinsu da minti biyar ya ishe shi ya lissafo min sunayen nan.

An sake sassaƙa allon a watan Mayu. Shugaba ne ya yaye ƙyallen, shi ne a hoto da Mama, ni na riƙe kyamara. Amma da ta koma gida ni ta aiko wa kati, yana cikin akwatin da zan taho da shi.