Kore uku a bango guda

Laraba. Tun ƙarfe takwas muka hau dandamali don gano irin garin launin kore da ke cikin wani zanen bango, a ɓangarensa na hagu, inda aka zana ganyaye da ruwan teku. Zanen na shekarun 1940 ne, a wani gini a Lisbon. An fara shi a kan ɗanyen laso na farar ƙasa, aka ƙarasa wasu wurare bayan bango ya bushe. Da ido duk kore ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani duhu.

Wurare 14 muka zaɓa, kowanne da lambarsa da hotonsa. Na'urar XRF ta hannu, mai haska fenti da hasken X-ray, muka fara ɗorawa, daƙiƙa 60 a kowane wuri. Ita sinadarin da ke wurin kawai take faɗa, sunan garin launin kuwa sai mutum ya nemo da kansa. Kuma haskenta yana ratsa fenti har cikin laso, shi ya sa kalsiyam ke fitowa ko'ina.

Lamba 1 zuwa 6 suka ba da kuromiyam a 5.41 keV (ma'aunin ƙarfin hasken da sinadari ke maidowa; kowane sinadari da inda layinsa ke fitowa a jadawalin na'urar). Kore biyu ke da shi: kuromiyam oksaid mai dusashewa, da biridiyan mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda Guignet ya yi wa rajista a Faransa a 1859. XRF ba ta raba su. Raman, na'urar da ke haska fenti da leza ta nuna ainihin garin launin, ce ta raba gardama da la'asar: layi mai kaifi ya fito kusa da 552 a ma'auninta, wato oksaid ne. Ya dace, don farar ƙasa ba ta cin sa.

Lamba 9 ce ta cinye mana rana. A XRF, tagulla ta fito sosai a 8.05, ga wani tsauni a jadawalin a 10.5. Na'ura ta rubuta dalma. Nan tarkon yake: layin farko na arsenik yana 10.54, na dalma yana 10.55, sun hau kan juna. Sai an duba layi na biyu. In dalma ce za a ga tsauni a 12.6, in arsenik ne a 11.7. Muka ƙara lokaci zuwa daƙiƙa 120, ga shi nan a 11.7. Tagulla da arsenik tare, zato ya fi karkata ga koren Paris, wanda aka fara yi a Jamus a 1814. Guba ne. Duk mai taɓa wurin daga yau sai da safar hannu da takunkumi, kuma ba a goge shi a bushe, don ƙurarsa ce ke shiga huhu.

Raman ta ƙi ba da komai a wurin. Wani mai da aka shafa a gyaran baya yana ƙyalli a ƙarƙashin leza har ya rufe layukan. Ƙara ƙarfin leza kuma ganganci ne, launi mai tagulla yana ƙonewa ya bar baƙin ɗigo. Dole aka ɗebi ɗan ɓarɓashi, bai kai ƙwayar gero ba, daga bakin wata tsaga da ta riga ta buɗe. Za a binne shi a roba, a goge gefensa, a ga jerin fentin a madubin ƙara girma.

Lamba 12 da 13 sun ba da tagulla kaɗan da kulorin, Raman kuma ta nuna PG7, koren talosayanin. Tun ƙarshen shekarun 1930 yake kasuwa, saboda haka shekararsa ba ta isa a ce gyara ne ba. Amma a lamba 13 fentin ya bi ta kan tsaga ya cika ta, hannun mai gyara ke nan. Kulorin ma kada a yi saurin yarda da shi, ginin yana kusa da teku, gishiri ma yana da kulorin.

Gobe za mu gwada FTIR, na'urar da ke gano sinadarai da hasken infrared, a kan ɓarɓashin lamba 9.