"Roja" ba alkawari ba ce

Gobe zan miƙa katin shiga hasumiyar kula da zirga-zirgar jiragen sama, in bar aiki. Cikin duk abin da ya same ni a aikin nan, kalma ɗaya ce ta fi tsaya mini a rai.

Ina wata na biyar a horo, da asuba, hazo ya rufe filin har ba na hango ƙarshen titin sauka. Na umarci wani matuƙi da jirginsa ke tafiya a ƙasa ya tsaya kafin layin rawaya da ke bakin titin, domin akwai jirgin da ke gab da sauka. Ya ce, "Roja." Na ɗauke ido na koma kan wancan. Sai mai kula da ni ta fizge makirufo ta ce masa ya maimaita umarnin. Ashe lambar titin kawai ya kama, bai ji "tsaya" ba, tayar gaba ta riga ta taka layin. Hannuna rawa ya yi ta yi har aka canje ni.

Ma'anar roja ita ce "na karɓi saƙonka", ba ƙari. Ba "i" ba ce, ba "zan yi" ba ce. Asalinta harafin R da masu aika saƙon Mos (saƙon tangarahu na ɗigo da ja) ke bugawa don nuna saƙo ya iso, kuma a jerin haruffan rediyo na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sunan R Roja ne. A 1956 aka mayar da shi Romiyo, amma kalmar ta zauna daram a bakin matuƙa jiragen sama da na ruwa. Wanda zai bi umarni "wilko" yake cewa. Umarnin tsayawa kuwa, dole a maimaita shi.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne shugaban sashe ya karanta rahoton a gaban kowa bai ko kira ni ba, ya tunatar da mu karon da jirage biyu suka yi a kan titin jirgi a tsibirin Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka mutu, ya ƙara mini wata shida a horo. Alhali da kunnena na sha jin shi yana karɓar roja tsurarta daga matuƙan da suka saba.

Ga masu shigowa: kada ku ji nauyin cewa a maimaita, ko kyaftin ya haife ku. Ku rubuta abin da kuka faɗa.

Cikin shekara tara da suka biyo baya, sunana bai sake shiga irin wannan rahoton ba.