Godiya ga matasan Garwa da abokan aikin dare

Assalamu alaikum. Ran Asabar na rasa bakin magana, shi ya sa na ce bari in rubuta. 'Ya'yana masu harkar kwamfuta a Garwa da kuka haɗa mini walima, Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba ku masu yi muku. Hajiya da 'yan matan gida da suka yini a madafa, da Malam da ya buɗe taro da addu'a, na gode ƙwarai.

Faifan tef ɗin adana bayanan kwamfutar da, wanda kuka ba ni, ban san inda kuka tono shi ba. Jikata ta ɗauka na sinima ne. Da irinsa muka yi aiki a Yawunde bayan mun dawo daga IAI, makarantar koyon kwamfuta ta Libreville a ƙasar Gabon: faɗin tef ɗin rabin inci, tsawonsa ƙafa 2400. Tef ba ya tsallake. In sunan da kake nema yana ƙarshe, sai an bi ta kan kowa. Don haka kafin a fitar da albashi sai an jera ma'aikata bisa lamba, a karanta tsohon faifai da na canje-canje tare, a rubuta sabo. Mu kuwa COBOL, yaren ba kwamfuta umarni, muke rubutawa a takarda, a huda a kati mai gurbi 80, mu miƙa wa masu ɗakin na'ura ta taga mu tafi gida. Ɗigo ɗaya ya ɓace, sai gobe.

Amma babbar godiyata ta masu ɗora faifai a kan na'ura ce, waɗanda ba a taɓa kiran sunansu a wajen yabo. Su ke kwana cikin sanyin ɗakin na'ura da rigar sanyi. Su ke cire zoben roba daga bayan faifai don kada a rubuta a kansa, su ke adana faifai uku, kaka da uba da ɗa, wato sabo da biyun da suka gabace shi, ko da ɗaya zai lalace. Albashin mutane da yawa ya tsira a hannunsu muna barci. Yayana da ya taso daga Marwa duk da ciwon gwiwa, ɗaya ne daga cikinsu, kuma a ganina shi ya fi cancanta da kujerar da kuka ba ni. Waɗanda suka riga mu, Allah Ya jiƙansu.

Ɗaliban da suka ce suna son ganin faifan, ku zo gida bayan la'asar. Akwai kuma hula zanna da aka manta a zaure, mai ita ya aiko.