Bangon dutsen gidanmu na Bukuru

Gidan da mahaifina ya bar mana a Bukuru ginin zamanin kuza ne, na dutse zalla, babu rodi ko ɗaya a cikinsa. Kaurin bangon ya kai kamu guda. Da rana ɗaki sanyi ƙalau, da dare kuma, lokacin sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi, sai ya riƙa sako ɗumin da ya sha. Tun ina yaro na ɗauka irin wannan gini ba ya lalacewa.

Damina uku da suka wuce na ga kwaɓin da ke tsakanin duwatsun bangon gabas yana zubowa kamar gari. Na kira birkila, ya cike ko'ina da siminti, ya shafe sumul. Bana sai ɗakin Hajiya ya fara warin danshi, fenti na ɓamɓarewa, bangon kuma ya yi ɗan ciki ta waje.

Aka haɗa ni da wani tsoho da ya gaji aikin dutse a wurin mahaifinsa. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana bin bangon yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Inda ya ji ƙarar ta canja sai ya tsaya, ya sa kurfi ya ɓalle simintin. Sai ga tsohon kwaɓin a baya jiƙe sharkaf. Ya damƙo shi a tafin hannu, ya miƙo mini.

"Ɗana, ka toshe masa hanci," in ji shi.

Na ce, "Baba, ai siminti ya fi ƙarfi."

Ya ce ƙarfin nan shi ne matsalar. Mutanen zamanin da, da farar ƙasa da yashi suka yi kwaɓinsu. Yana da laushi, yana shan ruwa ya kuma fitar da shi, in bango ya ɗan motsa ya bi shi. Siminti kuwa ba ya tanƙwaruwa: ya tsage siriri kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa mafita. A garin da ake ruwa daga Afrilu har Oktoba, bangon bai taɓa samun sararin bushewa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda bangon ke tsaye tun farko. Dutsen Filato gwanin ɗaukar nauyi ne, ka danna shi daga sama yadda kake so. Amma in ja ne ko lanƙwasa, ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, kwaɓin kuma ko kusa da haka bai kai ba. Nauyinsa ne ke riƙe da shi, don dunƙulen wannan dutse mai mita ɗaya ta kowane gefe ya haura tan biyu da rabi. Baba ya nuna mini cewa bangonmu fuska biyu ne, ta waje da ta ciki, tsakiya an cika da ɓaraguzai. Jefi-jefi akwai dogon dutse da ya ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, shi ne ke ɗaure su. Inda cikin ya fito, babu irin wannan dutse ko ɗaya, ruwa kuma ya wanke tsakiyar. Nan take na tuna motsin ƙasar da aka ji a Mpape ta Abuja a 2018. Girgiza ta gefe ita ce abin da irin wannan bango ba ya iya jurewa, ga kuma gadon Hajiya a jikinsa. A ranar muka mayar da ita ɗakin yamma.

Har Sukur ta Adamawa na tuna, tsohon garin nan na kan dutse, inda duwatsu ke jere ba kwaɓi sam, ruwa na bi ta tsakaninsu ya wuce abinsa.

Yanzu mun gyara indararon da ke zuba a gindin bangon. Baba na ƙwaƙule simintin da hannu, layi bayan layi, ya ƙi yarda a kawo inji. Inda ya cike da sabon kwaɓin farar ƙasa yakan rufe da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe da sauri. Samun farar ƙasar ma sai da muka sha yawo. Yana so ya sauke wurin da ya yi ciki ya sake ɗaure shi kafin ruwan Afrilu, ga shi shi kaɗai yake aikin, sai jikansa da ke miƙo masa kwaɓi bayan an tashi makaranta.