Ranar da kwamfutata ta ƙi tashi

Da safe na danna maɓallin kunnawa, sai na ji wani ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, allon kuma ya tsaya baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa har sau biyar. Da na kai wa mai gyara, ya ciro faifan ajiyar, ya jona shi ya kara a kunne, ya girgiza kai. Ya ce allurar da ke karanta bayanan ce ta lalace, sai dai haƙuri. A cikin faifan nan akwai rubutun bincikena na shekara biyu, da hotunan mahaifina na ƙarshe kafin Allah ya yi masa rasuwa. Rubutun na harhaɗa shi daga abin da na taɓa aika wa mutane ta imel. Hotunan kuwa sun tafi ke nan, har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Ina samun wata kwamfutar, abin da na fara yi shi ne buɗe ma'ajiya a intanet, wadda wasu ke kira girgije. Ba wani abu ba ne illa manya-manyan kwamfutocin kamfani da ke can nesa, ka ɗora fayil ɗinka, su adana shi a wuri fiye da ɗaya. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Google Photos ma a cikinsa suke ci. OneDrive da iCloud suna ba da 5 kowannensu, Dropbox kuma 2. Na zaɓi ɗaya, na ware abin da in ya ɓace ba shi da madadi: rubuce-rubuce, takardun shaida, hotunan iyali. Duk abin da zan iya sake saukewa na bar shi. Ɗorawar farko ta ci mini kwana biyu, domin galibi intanet ya fi saurin sauke abu a kan ɗora shi.

Daga nan hankalina ya kwanta, har ya kwanta da yawa. Wata rana fili ya yi ƙaranci a kwamfutar, sai na goge wata folda ta aiki, a ganina ai tana can sama. Bayan mako biyu na shiga nemanta, wayam. A ranar na gane cewa manhajar da na sa tana aiki ne kamar madubi: abin da na ƙara nan ta ƙara can, abin da na goge nan ta goge can. Hannuna na rawa na buɗe kwandon shara na ma'ajiyar, sai ga foldar, an rubuta mata kwanakin da suka rage. Yawancin ma'ajiyoyin nan kwana 30 suke riƙe abin da aka goge, daga nan shi ke nan. Da na yi sakaci na ƙarin mako uku, da na sake shiga irin halin farko.

Madubin nan yana da wani haɗarin kuma. Idan ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa ta kama kwamfuta, kullallun fayilolin ne za su hau su maye gurbin masu kyau. Abin da ke ceton mutum shi ne tsofaffin kwafi da ma'ajiyar ke riƙewa, su ma na ɗan lokaci ne. Shi ya sa na koma ga tsarin da masana ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma nesa da inda kake. Na sayi faifan waje, duk Juma'a na kwafe abubuwana a kai, in cire shi in sa a aljihun tebur. Cirewar tana da muhimmanci, don faifan da ke jone kullum cutar za ta iya kai masa.

Asusun kansa na ƙara masa tsaro da tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an kuma tabbatar ta waya, lambobin gaggawa da ake bayarwa kuma na rubuta su a takarda, saboda in waya ta ɓace su ne mabuɗi. Nakan kuma leƙa tsohon asusuna lokaci-lokaci, tunda daga Disamba 2023 Google na iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba.

Yanzu a farkon kowane wata nakan shiga ma'ajiyar daga wata na'ura daban, in sauke fayil biyu ko uku in buɗe su da idona. Gwajin watan jiya ne ya nuna mini foldar hotuna ta daina hawa tun mako uku da suka wuce, ashe fili ne ya cika ban lura ba. Na share tsofaffin saƙonnin imel masu nauyi da ke cin filin ma'ajiyar, na zauna ina kallo har hoto na ƙarshe ya gama hawa, sannan na rufe kwamfutar.