Tafiyata Oxford wurin masu ajiye takardun jami'a

Daga tashar Paddington da ke Landan zuwa Oxford tafiyar kamar awa guda ce a jirgin ƙasa. Jirgin ya bi ta Reading, ya yi ta ratsa gonaki da ƙananan garuruwa na bakin kogin Thames, amma hankalina bai tsaya kan taga ba. Aikina na kullum fayilolin ɗalibai ne, in buɗe wa wannan sabo, in tono wa wancan sakamakonsa na shekarun baya. Na daɗe ina son ganin yadda jami'ar da ta haura shekara 800 take riƙe da takardunta, da kuma irin mutanen da aka damƙa wa amanar. Tun kafin in taso na rubuta musu na faɗi abin da nake nema, don ba wuri ne da baƙo zai faɗa kai tsaye ya ce a buɗe masa ba.

Da na sauka sai na taka a ƙafa zuwa Carfax, mararrabar da ke tsakiyar gari. A nan ne ranar 10 ga Fabrairu 1355 wasu ɗalibai suka yi sa-in-sa da mai wata mashaya a kan abin da ya zuba musu. Kafin a ankara faɗa ya game gari, aka shafe kwanaki ana ɗauki-ba-daɗi, aka kashe ɗalibai wajen 63 da mutanen gari wajen 30. Sarki Edward na III ya ba jami'a gaskiya, ya ɗora ta a kan kasuwar garin da ma'auninta. Aka kuma wajabta wa magajin gari da manyansa su riƙa zuwa coci kowace shekara suna biyan kwabo ɗaya a kan kowane ɗalibin da aka kashe. Ba a daina wannan biya ba sai 1825, wato bayan shekara 470. Na tsaya a bakin titin ina lissafin sarakunan da suka shuɗe a tsakani, da magajin gari nawa ne ya so ya noƙe ya ce bai san da zancen ba. Abin da ya hana shi takarda ce mai hatimi, da mutumin da ya san akwatin da take ciki.

Akwatunan kuwa a cocin St Mary suke a wancan zamani, 'yar tafiya kaɗan daga Carfax. Nan jami'ar take taronta, nan take ajiye kuɗinta da takardunta, a cikin sanduƙai masu makullai da yawa, kowane ɗan makulli a hannun mutum daban, yadda babu wanda zai buɗe shi kaɗai. Takarda mafi tsufa da ta tsira daga wannan zamani ta shekarar 1214 ce. A 1209 mutanen gari sun rataye wasu ɗalibai a kan mutuwar wata mata, malamai suka yi fushi suka watse, wasunsu suka koma Cambridge, wanda shi ne mafarin jami'ar can. Wakilin Fafaroma ne ya sasanta su a 1214, ya yanke cewa gari zai riƙa biyan sule 52 duk shekara don taimakon ɗalibai marasa hali. Wannan hukunci ne yake cikin takardar.

Daga cocin na zagaya ta gefen zagayayyen ginin da ake kira Radcliffe Camera, na shiga farfajiyar tsohon ɗakin karatu na Bodleian. Akwai hasumiya a kan ƙofar gabas, mai hawa biyar, kowane hawa da irin ginshiƙinsa, ga mutum-mutumin Sarki James na I a zaune a jikinta. 'Yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukarta hoto. Ban ji ko ɗaya ya ambaci abin da ke benayenta na sama ba, alhali nan ne ɗakunan ajiyar takardun jami'ar tun ƙarni na 17. A 1634, lokacin da William Laud yake uban jami'a, aka ƙirƙiro muƙamin ma'ajin takardu aka ba Brian Twyne. Dalilin naɗa shi a fili yake: jami'a tana yawan shari'a da gari, tana bukatar wanda zai zaro hujja idan an je gaban alƙali. Twyne ya ƙarar da rayuwarsa yana kwafar tsofaffin takardu da hannunsa har ya rasu a 1644. Daga 1658 zuwa 1703 muƙamin yana hannun John Wallis, masanin lissafin nan da ya fito da alamar adadi marar iyaka. Na ji daɗin sanin wannan ƙwarai. Mutum mai irin wannan ƙwaƙwalwa bai ɗauki jera takardu da rubuta musu lamba a matsayin ƙaramin aiki ba, ya riƙe shi shekara 45.

Ba a hawa hasumiyar don karatu. Abin da mutum ya nema ana kawo masa ne ɗakin karatu na Weston da ke tsallaken titin Broad. Kafin a ba ni katin shiga sai da na karanta alkawarin da kowane mai karatu yake yi, cewa ba zai fitar da komai ba, ba zai ɓata ba, ba zai kunna wuta a ciki ba. Na bar jaka da biro a waje, na shiga da fensir da 'yar takarda.

Wata ma'aikaciya ta ajiye mini kwali mai ruwan toka a kan tebur, ta kwance zaren da aka ɗaure shi. Ta jera soso biyu masu siffar gangare ta kwantar da kundin a kai don kada bayansa ya tsage, ta miƙo mini wata igiya mai nauyi da ake danne shafi da ita. Na zaci za a ba ni safar hannu. Ta ce hannu mai tsabta, busasshe, ya fi, don safa tana hana mutum jin takarda har ya yage gefenta bai sani ba. Tawadar ta koma ruwan ƙasa, gefen shafukan ya yi duhu saboda yatsun da suka riga nawa, amma rubutun raɗau yake.

Abin da na nema shi ne bayanan shigar ɗalibai na shekarar 1873. A wannan shekara wani saurayi daga Saliyo, Christian Cole, wanda ya yi karatu a kwalejin Fourah Bay, ya shiga Oxford. Ya kammala a 1876, shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya sami digiri a wurin, daga baya kuma ya zama lauya a Ingila. Na bi sunaye da yatsa a sama da takardar, ba tare da na taɓa ba, har na iso kansa. Ga shi nan a cikin jeri kamar kowa, babu wata alama da ta ware shi. Magatakardan da ya shigar da shi bai san yana rubuta tarihi ba, aikinsa na ranar kawai ya yi. Waɗanda suka gaje shi su ma ba su jefar da kundin ba, duk da cewa shekaru da dama babu mai tambayar wannan suna. Sai a 2017 aka kafa allon tunawa da shi a kwalejin University, ɗaya daga cikin kwalejojin Oxford. Wannan ya fi takardar 1214 taɓa zuciyata. Takardar da ke kawo wa jami'a kuɗi da iko kowa zai tsare ta. Rajistar ɗalibai da bayanan zaman kwamiti su ne ake fara zubarwa idan ofis ya cika, kuma a cikinsu ne talaka da baƙo suke barin sawu. Haka ma matan da suka yi ta karatu suna cin jarrabawa a garin ba a ba su digiri, har sai Oktoban 1920, a irin waɗannan kundaye ake gano su ɗaya bayan ɗaya.

Da na mayar da kwalin muka ɗan taɓa hira da ma'aikaciyar, na tambaye ta abin da ya fi cin lokaci a aikin. Amsarta ta yi daidai da abin da na sani a nawa teburin. Tsofaffin takardu sun riga sun sami gata, an san zafi da laimar da suke so, an sa su a kwalayen da ba sa cin takarda. Wahalar tana ga na yau. Kowane sashe na jami'a yana haifar da takardu fiye da abin da za a iya ajiyewa, dole ma'aji ya zaɓi kaɗan ya bari a lalata sauran, kuma abin da ya bari ya tafi ba ya dawowa. Bayan zaɓi sai tsarawa da rubuta bayanin kowane fayil, don takardar da ba a san inda take ba daidai take da wadda ta ɓata. Sannan ga sirrin mutane: fayil ɗin ɗalibin da yake raye ba a buɗe wa kowa, komai girman mai tambaya.

Sai kuma abin da ke cikin kwamfuta. Shawarar da a da ake rubutawa a wasiƙa a sa a fayil, yanzu a saƙon imel take, a akwatin ma'aikacin da zai iya barin aiki gobe a goge komai. Shafukan intanet na jami'a suna canzawa ba tare da an ajiye na jiya ba, manhajar da ta buɗe fayil shekara 20 da suka wuce wataƙila yau babu ita. Don haka ma'aji ba ya jiran takarda ta tsufa kafin ta zo hannunsa. Tun ana ƙirƙirar ta yake shiga ofisoshi yana yarjejeniya da su a kan abin da za a miƙa masa da lokacin miƙawa, yana sauya wa fayiloli tsari, yana ajiye kwafi a wurare daban-daban.

Ban kai ga ma'ajiyar kwalejoji ba. Oxford tana da kwaleji fiye da 30, kowace da nata takardun da nata ma'aji, daban da na jami'a. Wanda yake bin sawun ɗalibi guda sai ya ƙwanƙwasa ƙofa biyu, ta jami'a don shigarsa da digirinsa, ta kwalejinsa don ɗakin da ya kwana da kuɗin da ya biya. Yamma ta yi, na karɓi jakata na nufi tasha, ina tafe ina rubuta sunayen ofisoshin da zan fara zagayawa a wurin aikina in tambaye su inda suke kai tsofaffin rajistocinsu.